Yadda ake yin yini guda cikin duwatsun Abzin da ɗan jagora, in daga Damagaram ka taso

Tun da na dawo daga Abzin ban huta ba a fada, wato majalisarmu ta hira, kowa da tambayarshi, wannan ya ce nawa ka kashe, wancan ya ce wai da gaske akwai ruwa kwance a tsakiyar duwatsu cikin wannan hamada, wani ƙanena ma cewa ya yi shi ranar Asabar zai tashi daga nan Damagaram ya je ya gani ya dawo Lahadi da dare don Litinin yana da aiki. To shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin wuri guda, duk mai niyya ya karanta, don wallahi ina so mutanenmu su je su ga wurin nan da idonsu, ƙasarmu ce, kuma abin yana min ciwo a ce Turawa sun taso daga Faransa da Italiya sun san sunan kowane kwari a can mu kuma da muke cin dabinonsu da cukunsu tun muna yara ba mu taɓa taka wurin ba.

Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne wai yinin yawon daga Damagaram yake farawa. A'a. Daga nan zuwa Agadas kaɗai wajen kilomita 450 ne, ka bi Tanut ka wuce Adarbisinat, in ka shiga kar, wato babbar motar fasinja, da asuba sai ka ci yininka a hanya. Daga Agadas kuma zuwa Iferwan, wadda ita ce ƙofar gandun dajin da hukuma ta keɓe a Abzin, akwai wajen kilomita 300, wani ɓangare kan hanyar Arlit sauran kuma ba gudro, duwatsu ne da rairayi. Kenan yini guda ɗin da muke magana shi ne na tsakiya, kwana biyu zuwa, yini ɗaya cikin duwatsu, kwana biyu dawowa, in ka samu ka ƙara kwana guda na hutu a Agadas ya fi. Duk wanda ba shi da konje, wato hutun aiki, na sati guda gara ya haƙura sai ya samu, don gaggawa a wannan hanya ita ke jawo wa mutane wahala.

Shi gandun sunanshi na hukuma gandun Ayir da Tenere, Ayir ɗin shi ne Abzin, an kafa shi a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara ɗaya bayan nan, 1992, aka sa shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya tashi a arewa lokacin. Faɗinshi ya haura murabba'in kilomita 77,000, ya haɗa gabashin duwatsun Abzin da yammacin hamadar Tenere, a tsakiyarshi kuma akwai wani yanki da aka keɓe saboda dabbar nan da ake ce wa adaks, wata dangin barewa ta hamada, can ba a shiga don yawo. Na kawo waɗannan lambobi ne don ka gane girman wurin, a yini guda abin da za ka gani bai kai cikin cokali ba, saboda haka dole ka zaɓi wuri ɗaya ka ba shi yininka gaba ɗaya. Mu da muka je wani abokin tafiyarmu ya nace sai an haɗa Timiya da kwarin Tamgak a rana guda tunda an riga an biya mota, ɗan jagoranmu, dattijo ne mai haƙuri, ya saurare shi har ya gama sannan ya ce mishi, ɗana in muka yi haka cikin mota za ka yini, abin da za ka ba da labari a gida ƙura ce da girgiza. Muka bi maganarshi, kuma har yau ina gode Allah da muka bi.

To wanne za ka zaɓa? In kana son lambuna da inuwa da sauƙi, ko kuna tare da iyali da dattijai, Timiya ta fi, tana wajen kilomita 220 daga Agadas ta hanyar Dabaga da Elmeki, akwai lemu da rumman da dabino, akwai wurin da ruwa ke gangarowa daga baƙin dutse ya taru a ƙasa ƴan kilomita kaɗan daga garin, akwai tsohon barikin Faransawa bisa tudu da za ka hau ka ga garin duka da korinshi, sannan arewa da ita akwai kufan Asode, tsohon babban birnin Abzinawa da yanzu sai gine-ginen dutse da suka rushe. In kuma duwatsu na gaske kake so, cikin gandun kanshi, to Iferwan ce, ka kwana can ka shiga kwarin Tamgak da safe. Dutsen Tamgak tsawonshi mita 1,988, kaɗan ya rage ya kamo Idukal-n-Tagas na Bagzan can kudu wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar da mita 2,022. Ni Tamgak na yi, don haka shi zan fi yi maka bayani, amma tsarin duk ɗaya ne.

Lokacin zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Maris zuwa Mayu zafi ba ya ɗaguwa, duwatsun nan baƙaƙe ne suna riƙe rana kamar tanda. Damina kuma, Yuli zuwa Satumba, wurin yana yin kyau ƙwarai amma korama tana da haɗari, ana iya yin ruwa can saman dutse inda ba ka gani, kai kana ƙasa sama garau ba ko hadari, sai kawai ka ji ruri ruwa ya taho da itace da duwatsu, mota ma tafiya yake da ita. In kana so ka jefi tsuntsu biyu ka daidaita tafiyarka da bikin Ayir da ake yi a Iferwan lokacin sanyi, akwai tseren raƙuma da kiɗan tende, kuma lokacin hanya tana cike da motoci da jami'an tsaro, sai dai masauki da mota suna tsada kuma sai ka kama da wuri.

Yanzu maganar ɗan jagora, wanda a can za ka ji ana ce mishi gid, nan ne zan daɗe don shi ne tafiyar gaba ɗaya. Kar ka ɗauki mutum don ya tare ka a tashar Agadas ya ce ya san ko'ina. Mu ƴan Damagaram muna da wata dama da wasu ba su da ita, Abzinawa ba baƙi ba ne a wurinmu, unguwar Zango ma ai asalinta masaukin ayari ce, mutanen Kel Ewe, wata zuriya ta Abzinawa, tun kaka da kakanni suke zuwa Bilma da Fashi su ɗauko kantu da dabino su gangaro Damargu da Damagaram har Kano su sayar su koma da hatsi, saboda haka in ka tambaya cikin masu sayar da gishiri ko masu kawo albasa da tafarnuwa da dankali daga arewa, ba za ka rasa wanda zai haɗa ka da ɗan'uwanshi a Iferwan ko Timiya ba, kuma mutumin da aka haɗa ku ta hannun wani da kuka sani ya fi riƙe amana don yana jin kunyar wanda ya turo ka. In ba ka samu ta nan ba, ka bi ta ajans, wato kamfanin yawon buɗe ido, mai rajista a Agadas, ka shiga ofis ɗinsu da ƙafarka ka ga takardunsu. Ko ta wace hanya ka bi, ka nemi a ba ka ɗan yankin da za ku shiga, wanda aka haifa a nan, ya yi kiwon awaki a kwarin yana yaro, don shofer na Agadas ya san hanya har bakin dutse amma cikin kwarin sai ɗan gida.

Kafin ka ba da ko dala, ka kira shi ku yi magana, mafi yawansu suna jin Hausa sarai saboda fatauci. Ka tambaye shi yaushe rabonshi da kwarin, in ya ce bara to ka nemi wanda ya shiga cikin watan nan, don korama tana canza hanya duk damina. Ka tambaye shi akwai ruwa a tafkunan dutse yanzu ko sun ƙafe, awa nawa za a yi a ƙafa, ina mota za ta tsaya, in wani ya gaji ko ya ji ciwo yaya za a yi, yana da wayar Thuraya, wadda ke aiki da tauraron ɗan Adam, ko babu tunda rezo yana ɗaukewa da zarar kun bar gari. Mutumin kirki ba ya jin haushin tambaya, zai ma ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba, shi kuwa wanda duk abin da ka ce sai ya ce ba matsala ba matsala, wannan ka yi hattara da shi. Namu da na ce mishi muna da mai ciwon suga a cikinmu shiru ya yi ɗan lokaci sannan ya canza tsarin gaba ɗaya, ya rage tafiyar ƙafa ya sa hutu da wuri, a nan na san mun dace da mutum.

Kuɗi kuma a yi maganarsu a fili tun farko, a rubuta a takarda ko a saƙon WhatsApp da kowa zai iya dubawa. Mota kat-kat, wato mai shiga rairayi da duwatsu, da yini ake biyanta ko mutum biyu ne ko biyar, saboda haka ku haɗu ku huɗu ko biyar ku raba, kar ku wuce haka don kaya da ruwa suna cin wuri. A fayyace wa zai sayi gazuwal, wa zai ciyar da shofer da gid, kuɗin gid yana cikin na mota ko daban yake, in an ɗauki mai dafa abinci nawa ne nashi, in mota ta lalace aka ƙara kwana wa zai ɗauki nauyin. Ka ba da abans, sauran sai an dawo lafiya. Ka riƙe kuɗi a hannu, da canji ƙanana, ƴan jikka ɗaya-ɗaya da ɗari biyar-biyar, don a ƙauyukan can ba mai yi maka canjin jikka goma, kuma ka raba kuɗin wuri biyu kar ka tara su aljihu ɗaya.

Tsaro ba abin ɓoyewa ba ne, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya tafi da ka. Yankin ya ga tawaye sau biyu, na farkon shekarun 1990 da aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na 2007 zuwa 2009 wanda a cikinshi aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyi, sannan tun da zinariya ta fito a Jado da Cibarkatan a 2014 zirga-zirga ta ƙaru a arewa, ƴan fashi ma suka ƙaru da ita. Saboda haka kafin ka bar Damagaram ka kira mutanen can ka ji halin da ake ciki a satin, in ka isa Agadas ka ƙara tambaya, in ka isa Iferwan ku je da gid ɗinku wajen jandarmomi da ma'aikatan gandun daji ku gaishe su ku faɗa musu inda za ku da lokacin da za ku dawo, su rubuta sunayenku. In suka ce kar a bi wuri kaza ba a jayayya. In akwai baƙo ɗan wata ƙasa a cikinku, musamman Bature, maganar ta canza, sai da izinin hukuma da rakiyar sojoji, kar ku ɗauke shi haka nan ku jefa kanku da shi cikin matsala. Katin ɗan ƙasa ya zama yana aljihun gaba don baraj, wato shingayen jami'an tsaro, suna da yawa, kuma kar ka kuskura ka ɗaga waya ka ɗauki hoton baraj ko motar soja. A gida ma ka bar wa wani lambar shofer da ta gid da ranar da ya kamata a ji muryarka.

Motar ka duba ta da idonka da yamma kafin ranar, ko ba ka san kanikanci ba akwai abin da za ka iya ƙirgawa: tayar ajiya biyu, ba ɗaya ba, duwatsun can masu kaifi ne suna yanka taya kamar wuƙa, sai jak da famfon iska da shebur da ƙarafan da ake sa wa ƙarƙashin taya in an kafe cikin rairayi, da bido na gazuwal da na ruwa daban. Mu shofer ɗin da aka fara kawo mana taya ɗaya ce da shi a baya kuma ta sha jiki, muka ce sai ya samo ta biyu, ya ɗan yi fushi amma ya samo, kuma kafin mu isa Iferwan mun yi amfani da ɗaya. In hali ya yi ku tafi mota biyu tare, ko ku bi ayarin wasu motoci, ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Kayan jiki kuma, kar sanyin Damagaram ya ruɗe ka ka ce ka saba, na can daban ne, da asuba a watan Disamba ko Janairu yana iya kusantar ƙanƙara, sai kuma rana ta ɗaga ka fara neman inuwa. Ka sa kaya bisa kaya yadda za ka dinga cirewa, suwaita da rigar sanyi mai kauri da safa, da rawani, shi rawanin nan kar ka raina shi, yana tare sanyi da safe ya tare rana da ƙura da rana tsaka. Takalmi rufaffe mai riƙe ƙafa wanda ka riga ka saba da shi, ban da silifas, ban da sabon takalmin da zai yi maka kanta. Mata su sa wando ƙarƙashin zane ko doguwar riga don akwai wuraren da sai an ɗaga ƙafa an taka dutse. Man kaɗanya don leɓe da dunduniya, tabarau, tocila, da ƴar jakar magani mai parasetamol da bandeji da gishirin zawo, mai shan maganin hawan jini ko suga ya ɗauki na kwanaki fiye da waɗanda ya ƙiyasta. Ruwa kowane mutum lita huɗu zuwa biyar na yinin, ban da na mota, kuma ka dinga kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba don iskar can busasshiya ce tana shanye mutum bai sani ba. Guzuri kuwa ai mu ba a koya mana, kilishi da alkaki da ƙuli-ƙuli da dabino, ka ƙara alkakin da yawa don kyauta ce mai kyau ga gidan da za a sauke ku, tare da shayi da sukari.

Ranar kanta ga yadda take tafiya. Ana sallar asuba a sha shayi a tashi, ƙarfe shida da rabi ya zama kuna cikin mota, don sa'o'in safe su ne riba. Mota za ta bi cikin kori, rairayi fari da itatuwan ƙaya da aduwa da goriba gefe da gefe, za ku wuce lambuna inda ake noman alkama da masara da tumatir da albasa, a wasu har yanzu raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya ruwan ya bi ta ƙananan magudanai, wasu kuma sun koma injin ban ruwa. Ka ce a tsaya ka gani, minti goma ne, ka gaida mai lambun, ai mu da muka san wahalar ruwa a Damagaram, muka san jiran famfo da tsakar dare da sayen garuwa, mu ya kamata mu fi kowa jinjina wa mutumin da ya fitar da lambu kore shar daga tsakiyar duwatsu. Daga nan duwatsun za su fara matsowa, kwarin yana ƙara tsukewa, har a kai inda mota ba ta iya wucewa, sai a sauka a ɗauki ruwa a shiga da ƙafa.

Ni na tashi ina hawa duwatsun unguwar Birni ta nan Damagaram, na ɗauka na san dutse, amma da muka shiga tsakanin bangayen nan biyu na Tamgak na ɗaga kai sai da rawanina ya zame, kuma wani shiru ne a wurin da ban taɓa jin irinshi ba, kana jin ƙarar takalminka da numfashin na bayanka. A nan dokar ɗaya ce, gid yana gaba kowa yana bayanshi, inda ya taka nan za ka taka, kar matasa su ce za su riga kowa, kuma a sa wanda ya fi kowa rauni kusa da gid ɗin don a yi tafiyar daidai ƙarfinshi. Kar ka cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami, akwai kunama da maciji, in ka cire takalmi don alwala ka kakkaɓe shi kafin ka mayar. In kuna son ganin dabbobi sai an rage surutu, a kashe kiɗan waya, akwai gwaggon biri a duwatsun Tamgak, akwai agwada da ke shan hantsi bisa duwatsu, akwai ragon dutse da barewa amma su sai mai rabo, farauta da fari sun rage su sosai, jimina ma da a da take yawo a yankin yanzu sai a wuraren kiwo irin na Kelle nan jiharmu. Mu sawun ragon dutse kawai muka gani, gid ya durƙusa ya nuna mana ya ce na daren jiya ne, ya sauko shan ruwa, sai birai da muka hango can sama suna kallonmu.

Tafkin dutse, su suna ce mishi agalmam, shi ne abin da ya fi taɓa ni. Ruwa ne kwance cikin kwarmin dutse, inuwa ta rufe shi yadda rana ba ta shanye shi, sanyi ƙarara, wani yana kaiwa daga damina zuwa damina. Don Allah in ka isa wurin ka tuna wannan ruwan shi makiyaya da awakinsu da namun daji suke sha. Ba a wanka da sabulu a ciki, ba a wanke kwano, ba a shiga da takalmi, in alwala za ka yi ka ɗebo a buta ka koma gefe, in wanka kake so ka tambayi gid ya nuna maka wanda ake shiga, kuma kar ka yi tsalle cikin ruwan da ba ka san zurfinshi ba. Kai ma kar ka sha sai an tafasa, cikinka bai saba ba.

Wajen ƙarfe sha biyu ake neman inuwa a zauna har zuwa biyu da rabi ko uku, kuma wannan zaman yana cikin yawon, kar ka ga kamar ɓata lokaci ne. A nan ake yin tagella, gurasar da ake binnewa cikin rairayi mai zafi da toka, a ciro a kakkaɓe a gutsuttsura a zuba miya ko man shanu, a nan ake dafa shayi zagaye uku, kuma sai ka sha ukun, tashi bayan na farko rashin ladabi ne. In an ba ka agajira, furarsu ta gero da dabino da cuku, ka karɓa, tana riƙe ciki har dare. Itacen wuta busasshe da ya faɗi ake tsinta, ba a sare ɗanye, itacen da ka gani ɗan ƙarami a can wataƙila ya girme ka. A yi azahar, maganar kasaru da haɗa salla ka tambayi malaminku tun a gida don kar a tsaya gardama cikin daji. Sannan ka matsa kusa da gid ka yi ta tambaya, sunan wancan dutse, amfanin wannan ganye, yadda ake tafiyar Bilma da raƙuma, ni a wannan zaman na ji yadda suke bin taurari cikin Tenere, kuma dattijon ya san unguwannin Damagaram da sunan kasuwannin Damargu ɗaya bayan ɗaya don ya sha zuwa da ayari yana saurayi. In ka iya ce mishi tanimmert, wato na gode, za ka ga fuskarshi ta saki ko ta cikin rawani.

In hanyarku ta bi ta duwatsu masu zane, za ka ga raƙumin dawa da shanu da jimina da mutane da aka sassaƙa shekaru dubbai da suka wuce lokacin da wurin yake da ruwa da ciyawa, wasu kuma da Tifinag, rubutun Abzinawa, a gefe. Mafi shahara su ne raƙuman dawa na Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, babban ya haura mita 5, in kun bi ta wannan hanya ku roƙi shofer ya ratse. Ka ɗauki hoto iya son ranka amma kar ka taka, kar ka zuba ruwa wai don zanen ya fito, kuma don girman Allah kar ka rubuta sunanka da lambar wayarka a jikin dutsen, na ga inda aka yi haka raina ya ɓaci matuƙa, abin da ya tsira shekaru dubbai wani ya ɓata shi da ƙusa cikin minti biyar. Kan kibiya na dutse da tsofaffin duwatsun niƙa da za ka gani a ƙasa ko a kawo maka a ce ka saya, ka bar su, doka ta hana fitar da su. In tsaraba kake so ga maƙera nan da kuros, abin wuyan nan na azurfa, Iferwan da Timiya kowace da irin nata daban da na Agadas, ga mata da kayan fata da tabarmi da cuku, ka saya hannunsu kar ka matse farashi har ya zama zalunci. Hoton mutane kuma, musamman mata da ƴan mata masu kiwo, sai ka nemi izini ta bakin gid, in an ce a'a ka mayar da wayarka aljihu.

Ƙarfe uku a juya, ko da ba a kai inda aka so kaiwa ba. Cikin kwari rana tana ɓacewa da wuri don duwatsu suna tare ta, sanyi ya sauko nan da nan, kuma saukowa ta fi hawa sa mutum zamewa tunda ƙafa ta gaji. Duk ledar da kuka shigo da ita da gwangwanin sardin da robar ruwa a tattara a buhu a fito da su, awaki suna cin leda su mutu. Ku yi ƙoƙari magariba ta same ku cikin gari, ba a tafiyar dare a wannan yanki, ku biya ta wajen jandarmomi ku ce kun dawo, ka kira gida da zarar rezo ya shigo. Daren nan ka cika wa gid kuɗinshi a hannunshi, ba ta hannun wani ba, in ya kyauta maka ka ɗora wani abu a kai ka karɓi lambarshi don wanda zai zo bayanka. Washegari in ta Timiya za ku koma ku bar wuri a bayan mota don kwalin lemu da rumman, ku sa bargo ƙarƙashi kar girgizar hanya ta farfasa su kafin Agadas, cukun kuma a naɗe shi a takarda ko ƙyalle, in ka ƙulle shi a leda kafin ka iso Tanut ya yi gumi ya fara wari.